Bunƙasar Birnin Kano da Tafiyar Ruwa a Kwarin Jakara da Kogin Haɗeja

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda faɗaɗar birnin Kano ta sauya tafiyar ruwa a kwarin Jakara, da kuma a babban kwarin Haɗeja-Jama'are wanda birnin ke zaune a goshinsa. Matsayar da takardar ta ɗauka ita ce, ambaliyar da ake kuka da ita a Agusta da ƙafewar rijiyoyin da ake kuka da ita a Afrilu tushensu ɗaya: an toshe hanyoyin da ruwan sama ke bi ya shiga ƙasa, an buɗe masa hanyoyin ficewa da sauri. An bi sawun ruwan tun daga kan kwanon rufi, zuwa kududdufi da rijiya da lambatu, har zuwa dausayin Haɗeja-Nguru, inda ake jin tasirin abin da aka yi a Kano.

Gabatarwa



Zagayen ruwa abu ne da ake koya wa yaro tun yana firamare: rana ta ɗaga tururi, gajimare ya haɗu, ruwa ya sauko, wani ya nutse cikin ƙasa, wani ya malala zuwa rafi, wani ya sake komawa sama. Zanen da ke cikin littafin kan nuna tsauni da bishiyoyi da kogi, ba ya nuna gari. Alhali da zarar gari ya zauna a kan fili, lissafin rabon ruwan nan ya canza baki ɗaya. Tun a 1968 masanin ruwa na Amurka Luna Leopold ya nuna cewa idan aka yawaita rufe ƙasa da gine-gine kuma aka shimfiɗa magudanai, ruwan da ke isa rafi bayan an yi ruwan sama yakan ƙaru, kuma yakan iso da wuri. Ƙa'idar ba ta canza ba. Abin da ya rage mana shi ne mu ga irin kamar da take ɗauka a garin da damina wata huɗu zuwa biyar ce kacal, ƙarƙashinsa dutse ne, kuma yawancin gidajensa ba famfon gwamnati suke sha ba.

Ƙasar da birnin ke zaune a kai

Kano na samun ruwan sama tsakanin milimita 800 zuwa 900 a shekara idan aka ɗauki matsakaici, daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ƙarfin da rana da iska ke da shi na busar da ruwa a shekara ya zarce abin da ke saukowa nesa ba kusa ba. Ma'ana, duk ruwan da bai samu ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa ko a bayan madatsa ba kafin hunturu, an yi sallama da shi.

Ƙarƙashin birnin tsohon dutse ne mai tauri. Ruwa ba ya zama a cikin dutsen kansa, sai dai a ruɓaɓɓen samansa da kuma cikin tsagoginsa. Wannan ya bambanta da gabashi da arewacin Jigawa, wajen Haɗeja da Gumel, inda kaurin yashi da laka na kwarin Chadi ke riƙe ruwa mai yawa. Ma'ajiyar Kano ƙarama ce, saurin cika gare ta, saurin ƙarewa kuma. Duk mai haƙa rijiyar burtsatse ya san haka, domin yakan samu ruwa a wannan fulotin ya rasa a na maƙwabci.

Birnin kuma yana kan maraba ne. Arewacinsa da tsakiyarsa suna malala cikin Jakara, wadda ke karɓar rafin Getsi sannan ta nufi arewa maso gabas har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Kudancinsa yana malala cikin kogin Challawa ta ƙananan rafuffuka irin su Salanta. Challawa ta haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, su wuce Wudil, su zama kogin Haɗeja, wanda ke shiga Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi.

Kududdufi

A nan zan ɗan daɗe, domin a ganina nan ne asalin maganar.

Lokacin da Clapperton ya shigo Kano a 1824, da lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo a 1851, dukansu sun ambaci wata fadama mai kwantaccen ruwa da ta ratsa tsakiyar gari daf da kasuwa. Jakara ke nan. Barth ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, kuma a zamaninsa babban kaso na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Gidajen kuwa na ƙasa ne. Kowane tubali da aka ɗora, kowane yaɓe da aka yi bayan damina, kowane gyaran badala, daga rami aka ɗebo ƙasarsa. Ramukan nan su ne suka zama kududdufai. Abin lura a nan shi ne, tsarin ginin da kansa yake haifar da ma'ajiyar ruwansa: gwargwadon yawan gidajen unguwa, gwargwadon girman ramin da ke karɓar ruwan indararonta. Babu wanda ya zana haka a takarda, amma injiniyan yau da za a ba shi aikin tsara wa unguwa wurin tara ruwan sama, da wuya ya zaɓi wani wuri daban da inda kududdufin yake, tunda shekaru aru-aru ruwa ya riga ya koyi hanyar zuwa can.

Aiki biyu kududdufi ke yi. Na farko, yana karɓar ruwan da ya sauko da ƙarfi ya riƙe shi, ya hana shi isa Jakara a lokaci guda. Na biyu, yana ba ruwan lokacin tsiyaya cikin ƙasa a hankali har cikin rani. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Binciken da Christian Leduc da Guillaume Favreau da abokan aikinsu suka yi a kudu maso yammacin Nijar, wajen Yamai, ya nuna cewa a wannan yanki na Sahel ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi samun ƙari ta ƙasan tabkunan damina, fiye da ta faɗin fili inda rana ke shanye danshin kafin ya yi nisa. Har ma sun tarar ruwan ƙasa yana ta hawa a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda sare daji ya sa ƙarin ruwa na gangarawa cikin tabkunan. Ƙasar can ba irin ta Kano ba ce, don haka ba za a kwafo sakamakon kai tsaye ba. Amma darasin ya shafe mu: a yankin da rana ke da zafi irin namu, kwarin da ke tara ruwa shi ne ƙofar shigarsa ƙasa.

To, da bulo da siminti suka karɓi gini, sai alaƙar nan ta yanke. Gida yana tashi ba tare da an haƙa rami a kusa ba, domin yashinsa tifa ce ta kawo daga kogi. Kududdufin da ke nan kuma ya rasa mai shi. Farko ya zama juji, ana zuba shara daga baki tana cin ruwan taku-taku, har wata rana a wayi gari an kawo burji an daddale, an yanka fulotai. Duk wanda ya san titin BUK shekaru talatin da suka wuce, daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya, ya san ruwan da ke kwance a gindin badala, ya kuma san abin da ya maye gurbin yawancinsa.

Dole in yi wa masu cikewar adalci. Kududdufin da aka bari babu kula masifa ne: gidan sauro ne, matattarar kwata ce, yana cin yara masu wanka, yana zaizaye gindin katanga. Mutumin da ɗakinsa ke bakin irin wannan rami ba zai saurari laccar zagayen ruwa ba, kuma yana da gaskiya. Kuskuren da aka yi shi ne, da kududdufi ya lalace sai aka yanke hukuncin a kashe shi, ba a tsaya an tambayi ina ruwan da yake sha zai koma ba.

Rufe fuskar ƙasa

Ƙidayar 1963 ta ba birnin Kano mutum kusan 300,000. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun haɗa kimanin miliyan 2.8. Gonakin Ɗorayi, Rijiyar Zaki, Ɗanbare, Sheka, Na'ibawa, Mariri, Bachirawa da Rimin Kebe duk sun zama unguwanni, kuma da yawansu awon igiya ne, inda mai gona ke yanka fili yadda zai fi samun kuɗi, ba a bar wa ruwa hanya ba, balle wurin zama.

Bari mu yi ɗan lissafi da kowa zai iya maimaitawa. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 150, a shekarar da aka samu milimita 800, lita 120,000 ce ke sauka a kan kwanonsa. Idan aka raba da jarka mai lita 25, jarka 4,800 ke nan. A kan jigawa mai ciyawa, ƙaramin kaso ne na ruwan ke malalewa, galibi bai wuce ɗaya cikin biyar ba. A kan kwano da kwalta da daɓen siminti kuwa, kashi 70 zuwa 95 cikin ɗari ne ke tafiya. Tsakar gidan da a da ƙasa ce, yanzu an malale ta da siminti ko tayil, ƙofar gida an sa intalok, an kuma fasa katanga an sa bututu don ruwan ya fita titi. Maigidan da ya kori jarka dubbai a Agusta, shi ne ke tsaye a ƙofa a Afrilu yana ciniki da ɗan garuwa a kan kura guda.

Abin da ke kawo ɓarna ma saurin ne ya fi yawan. Ruwan da a da zai ɗauki sa'o'i yana ratsa gona da kwari kafin ya kai rafi, yanzu cikin mintoci yake sauka daga indararo zuwa lambatu, daga lambatu zuwa kwalbati, kuma na kowace unguwa yana isowa tare da na sauran. Kwalbatin da aka auna don ƙauye ba zai ɗauki ruwan birni ba ko da babu leda ko ɗaya a cikinsa. Na faɗi haka ne don yawan ɗora laifi da ake yi wa ledar fiya-wata. Tana da nata laifin, kuma yashe magudanai wajibi ne. Amma ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022, ta jiƙa diloli na atamfa da shadda, ta sa hankali ya koma kan gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Sunan kasuwar ma ya isa ya tuna mana inda take zaune.

Wani zai ce ai sauyin yanayi ne. Akwai ƙamshin gaskiya. Binciken Christopher Taylor da abokan aikinsa da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Sai dai mu tuna cewa wani muhimmin kaso na faɗaɗar garin ya faru ne a shekarun fari na 1970 da 1980, lokacin da fadamu suka bushe har suka yi kama da filin gini. Da ruwa ya dawo daga shekarun 1990, ya tarar an zauna masa a wuri. Ƙaruwar ƙarfin hadari hujja ce ta a ƙara wa gari wuraren riƙe ruwa, mu kuwa ragewa muke yi.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

Ruwan ƙarƙashin Kano kamar asusu yake wanda hannayen ɗiba suke ƙaruwa kullum, ramin jefa kuɗin kuma ana liƙe shi. Rijiyar guga ta tsakar gida ce ke fara mutuwa, saboda ita ce mafi gajarta. Maƙwabci mai hali ya tona burtsatse, ya sa injin nutso, ya kafa tanki. Masu sayar wa 'yan garuwa da masu kamfanin fiya-wata su tona nasu su yi ta ja dare da rana. Kowane inji yana jawo ruwan kewayensa ya yi ƙasa da shi, kuma idan suka yi kusa da juna, sai ramukan su haɗe. Wanda ba shi da kuɗin bin ruwan ƙasa, shi ke sayen mafi tsada.

Amma akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Gari ba rage shigar ruwa cikin ƙasa kaɗai yake yi ba, yana kuma buɗe sababbin ƙofofi. Bututun famfon da ya fashe yana tsiyaya. Kowane masai, kowace sokawe, kowane lambatun da ba a daɓe ba yana tura ruwa ƙasa duk tsawon shekara. Kano ba ta da babban tsarin kwashe bahaya ta bututu da ya game gari, don haka kusan kowane gida ramin kansa yake haƙawa, sau da yawa 'yan taku kaɗan daga rijiya, saboda fulotin ya matse. Abin da ya faru ke nan: mun hana ruwan sama mai tsabta shiga, mun bar wa ruwan bayan gida ƙofa a buɗe. Ruwa ba ya tsami banza. Rijiyar da ta fara ɗanɗanon gishiri a tsohuwar unguwa, da ɓarkewar amai da gudawa da ke yawan zuwa tare da marka, duk suna da alaƙa da wannan musaya.

Jakara da ba ta ƙafewa

A irin yanayinmu ƙaramin rafi na damina ne, da rani yashi ake gani. Jakara da Getsi kuwa yanzu ba sa yankewa, domin abin da ke gudana a cikinsu da rani ruwan wanka ne da wanki da na mayanka da na masana'antun Bompai. Ta kudu kuma masana'antun Sharaɗa da Challawa suna sako nasu, ciki har da na majemu mai ɗauke da sinadarin kuromiyom. Bincike da dama daga jami'o'inmu ya samu ƙarafa masu guba a wannan ruwa da ƙasar da ake ban ruwa da shi.

Ku je wajen Kwakwaci ko Gama da sassafe a watan Fabrairu. Ruwan baƙi ƙirin ne, yana kumfa a bakin gada, ga ɗan inji yana tari yana tura shi cikin fangali, ga latas da alayyafo da kabeji sun yi shar kamar an zuba musu taki na musamman. Kuma takin ne, domin ruwan cike yake da abincin shuka. Ɗan lambun ba jahili ba ne, ya san abin da yake ɗiba, amma shi ne ruwan da ba ya biya kuma ba ya yankewa. Kafin azahar ganyen ya shiga kasuwa. Ta nan zagayen ruwan birni yake rufewa, ta cikin kwanon abincinmu.

Aikin daɓe Jakara da kankare, wanda ya zo tare da titin Wuju-Wuju da aka fara a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, yana da amfani ga unguwannin da ke bakinta. Sai dai rafin da aka daɓe ba ya shayar da ƙasar gefensa, kuma gudu yake ƙarawa. Ruwan da aka fitar daga tsakiyar gari da sauri yana sauka ne a kan na ƙasa da su.

Daga Tiga zuwa Nguru

Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Kano take jawo ruwan famfo daga Challawa. An kammala madatsar Tiga a 1974 a zamanin Audu Baƙo, mai ɗaukar kubik mita kusan biliyan 2, aka ƙara da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, mai ɗaukar kimanin rabin haka. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don lita miliyan 150 a rana. Idan aka lissafa, kubik mita miliyan 55 ke nan a shekara, kusan kashi 3 cikin ɗari na cikin Tiga. Abin da birni ke sha kai tsaye bai kai na noman rani a Kura da Kadawa ba.

Tasirin birnin ya fi fitowa ta wata fuskar. Don matatu su samu abin ja, dole kogi ya kasance da ruwa duk rani, saboda haka ana sakin fiye da abin da za a ɗiba. Haƙar yashin gini da tifofi ke yi a gadon kogin tana ƙara zurfafa shi, tana cinye yashin da ke riƙe ruwa. A can ƙasa kuma, kogin da a da yake cika da damina ya ja da baya da rani, ya koma mai gudana kaɗan-kaɗan kullum. Irin wannan kwantaccen ruwa ciyawar kacala ke so, ta kuwa toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja-Nguru, wani gari ya nutse, wani ya rasa ruwan shinkafa da kifi. Edward Barbier da Julian Thompson sun nuna a 1998 cewa amfanin da ake samu daga ruwa a dausayin, ta noma da su da itace, ya fi wanda manyan ayyukan ban ruwa na sama ke iya mayarwa. Masuncin Nguru bai san farashin jarka a Kurna ba, amma kogi ɗaya ya haɗa su.

Inda za a sa hannu

Abu na farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a ƙirga kududdufan da suka rage, a zana iyakarsu, a ba su matsayin doka irin na titi, yadda ba za a iya ba da takardar mallaka a kansu ba. Sannan a karkatar da kwata daga cikinsu, a sa raga a mashigarsu, a kewaye su, a danƙa kulawarsu ga masu unguwanni da kwamitocin da za a riƙa ba su kaso. Kududdufin da ruwan sama kaɗai ke shiga, wanda kuma aka yi wa mafita ta yadda zai sauka bayan kwanaki, ba shi ne wanda mutane ke tsoro ba.

A matakin gida, izinin gini zai iya zuwa da sharaɗin barin wani kaso na fuloti ba daɓe, da rami mai tsakuwa da ruwan rufi zai faɗa, nesa da masai. Makarantu da masallatan Juma'a da rumfunan kasuwa, masu faffaɗan rufi, su ya kamata a fara da su. A unguwannin awon igiya kuwa, inda izinin gini ba ya isa, maganar sai ta bi ta hannun dillalan filaye da dagatai, tun kafin a ja igiya.

Mafi wuya shi ne tsarin hukumomi. Mai tsara birni daban, mai kwashe shara daban, mai ruwan famfo daban, madatsun Tiga da Challawa kuma suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, ga kuma iyakar da ta shiga tsakanin Kano da Jigawa tun 1991. Kowa da littafinsa. Shawarata ga sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu ita ce su ɗauki nauyin littafi guda: ma'aunin ruwan sama a kowace ƙaramar hukuma ta cikin gari, ma'aunin tsayin ruwa a gadojin Jakara da Getsi da Salanta, da zaɓaɓɓun rijiyoyi da ɗalibai za su riƙa aunawa duk wata, a kuma buga alƙaluman inda kowa zai gani. Da damina biyar ta irin wannan awo, za a iya zuwa gaban majalisa a ce kududdufi kaza yana riƙe kubik mita kaza, kuma idan aka cike shi ga layukan da ruwan zai shiga.